Kajin ado a Kebbi: wacce ta cancanci kuɗinta, wacce ta kallo ce kawai

Duk wanda yake cikin zaurukan masu kiwon kaji na WhatsApp ko Facebook a Birnin Kebbi, Jega ko Argungu ya san hotunan nan. Ga zakara ƙato kamar talo-talo, ƙafafunsa sun sha gashi kamar ya saka safa. Ga wata 'yar kaza fara tas, jikinta kamar an barbaza auduga. Ga wani baƙi wuluk tun daga zanko har farce. A ƙasa an rubuta akwai ƙwai, akwai 'yan tsaki, ana turawa kowace jiha. Sai ka ga Masha Allah na ta zuba. Amma ka lura, waɗanda suka daɗe a harkar, masu akurki cike da kajin Hausa da noila (irin kazar da aka samar don nama da ƙwai tare), yabawa suke yi su wuce. Ba rowa ba ce. Sun san abin da watan Afrilu ke yi wa kaza mai gashi.

Kaza ba ta gumi. Zafin jikinta kimanin digiri 41 ne, kuma ba ta da hanyar rage shi sai haki, da sakin fukafukai, da jinin da ke zagayawa ta zanko da fatar ƙafa. Ta fi sakewa tsakanin digiri 18 da 24. Daga 30 ta fara rage ci, daga 35 ta shiga wahala. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu rana na haura 40, ƙarƙashin rufin kwano ma abin ya fi haka. Don haka kafin a kalli launin kaza, a fara duba yawan gashinta, girman zankonta da nauyin da take ɗauke da shi. Bayan zafi sai caɓin damina, bayan shi sai buhun abinci.

Brahma ce sarauniyar wannan kasuwa, kuma ita ta fi cin kuɗin mutane. A Amurka aka daidaita irinta wajen shekarun 1850, daga manyan kajin da jiragen ruwa suka kwaso daga Shangai ta ƙasar Sin, kuma har wajen 1930 ita ce babbar kazar nama a can. Cikakken zakara kan kai kilo 5 zuwa 5.5, kaza 4 zuwa 4.5. Launi uku aka fi gani: fara mai baƙin wuya da jela, mai duhu, da mai ruwan zuma. Wajen hali ba ta da abin kushewa. Ba ta faɗa, ba ta gudun mutum, ba ta tashi sama, katanga mai tsayin mita ɗaya ta tsare ta. In don a tsaya a tsakar gida a kalla ne, babu kamarta.

Sai dai duk abin da ya ba ta kyan nan, don sanyi aka tanade shi. Zankonta ɗan ƙarami ne a manne da kai, don kada ƙanƙara ta cinye shi, ke nan ba ya fitar da zafi. Gashin jikinta ninki-ninki ne, ƙafar da ya kamata ta sha iska ita ma a rufe. Ka leƙa akurkinta da ƙarfe 2 na rana a bazara. Tana kwance, ƙirji a manne da ƙasa, baki a hangame, maƙogwaro na rawa, fukafukai a sake kamar an karya su. Kazar Hausa da ke gefe ta tona rami a gindin randa ta shige, in an jima ta kakkaɓe ta fita kiwo. Brahma mai ƙiba ba ta farfaɗowa da sauri haka. Mafi yawan mutuwar zafi tsakanin azahar da magariba take faruwa, kuma wadda ta fi girma da kyau ita ke fara tafiya.

Ana iya tsallake bazara da ita, amma aiki ne. Rufin ya kai tsayin mita 2.5, a shimfiɗa zana ko ciyawa a kan kwanon, dogayen ɓangarori biyu su zama raga ba bulo ba, kuma tsawon ɗakin ya bi gabas da yamma don kada rana ta riƙa shiga ta gefe. In akwai dogon yaro a gidan, a gindinsa za a kafa. A ba da abinci daga asuba zuwa ƙarfe 9, a ɗauke, sai bayan la'asar a mayar, domin narkar da abinci na ƙara wa jiki zafi bayan 'yan awoyi, kuma bai kamata wannan ya haɗu da tsakar rana ba. Ruwa daga randa, a sauya sau 3 a yini. Kaza kan sha kamar ninki biyu na abin da ta ci, a zafi kuwa ya kan ninka haka, amma in ruwan ya ɗumama a roba sai ta ƙi shi. A jiƙa yashi a kusurwa ɗaya ta kwanta a kai, a sa sinadarin bitamin na rage gajiya a ruwan safe. Wadda aka tarar ta faɗi, a tsoma ƙafafunta da cikinta a ruwan randa, ban da ruwan ƙanƙara, a ajiye ta inda iska ke kaɗawa. Wanda ke fita kasuwa ko ofis tun safe, kuma babu mai duba masa da rana, to ya haƙura da Brahma tun kafin ya tura kuɗi.

Da ruwa ya sauka sai matsalar ta koma ƙafa. Gashin yatsu na kwasar taɓo da kashi, su dunƙule su bushe kamar tsakuwa, har su hana jini zagayawa. A ƙarƙashin gashin ne kuma ƙwaron nan mai shiga ɓawon ƙafa ke ɓuya, ba za a gane ba sai ɓawon ya ɗaɗɗago ya yi fari kamar an shafa siminti. Maganinsa a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a busar, a shafe da basilin duk bayan kwana 2 ko 3 har mako 3. A nan Kebbi ta yi sa'a ɗaya: ɓuntun shinkafa ba ya wuya, kowane injin casa na da tulinsa. A zuba shi kaurin santimita 8 zuwa 10, a riƙa juyawa, a kwashe inda ya jiƙe kusa da mazubin ruwa. Sandar da suke hawa su kwana kada ta wuce santimita 40 daga ƙasa, saboda kilo 5 in ya riƙa dira kan siminti kowace safiya, tafin ƙafa na tsagewa ya kumbura ya tara mugunya mai tauri, wadda sai an tsaga an cire.

Yanzu a zo ga buhu. Babbar Brahma na cin kimanin giram 150 a rana. Zakara ɗaya da kaji biyu, wanda shi ne abin da aka fi saya, giram 450 ke nan. Buhu mai kilo 25 ba zai kai su wata 2 ba, a shekara kuma buhu 6 da rabi. Kazar ba ta fara ƙwai sai ta kai wata 7, wani lokaci fiye, kuma ko a ƙasar sanyi wajen 150 take yi a shekara. A ce ma an sami 300 daga biyun, abin da zafin nan ba zai bari ba. Wannan abincin dai zai riƙe leya 4, wato kajin ƙwai na gidan gona, su ba da ƙwai sama da 1,000, fiye da kiret 33. Ta ɓangaren nama kuma, zakaran ba ya cika sai ya shekara ɗaya da rabi, alhali noila ta isa yanka a wata 3 zuwa 4. Mai gashin kaji a bakin titi da uwargida mai farfesu ba sa biyan kuɗin gashin ƙafa. Kasuwar Brahma ɗaya ce tak, wato wani mai sha'awa irinka, kuma a gari kamar Birnin Kebbi masu sha'awar ba su da yawan da za su ɗauke abin da kowa ya ƙyanƙyashe.

Wasu kan ce zakaran kawai suke so, ya inganta musu kajin gida. Kazar Hausa kilo 1 ce zuwa 1.5. Zakara mai kilo 5 in ya hau ta, yana tuje mata baya, ya yage fatar gefen fiffike, wani sa'in ya gurɗe mata ƙafa. Sannan tulin gashin da ke gindinsa kan hana barbara kamawa, sai an sa almakashi an rage shi kewaye da dubura, shi da matan. Ga wani abin da masu saye ba su cika sani ba: gashin ƙafa da ɗan zankon nan duka suna rinjaye wajen gado. Ɗan tsakon da ubansa Brahma ne uwarsa noila zai fito da gashi a ƙafa, kuma a mako 2 ba mai iya rantsuwa a kansa. A nan ake yi wa rogo kallon kitse. Mai kaya zai ɗaga maka shi ya ce, "Ranka shi daɗe, wanga ɗan asali na, duba ƙahwa." Amsar ita ce, "To malam, ina uwayen?" A ga uban da uwar ido da ido, ko a bidiyon da aka ɗauka a ranar. Ta asali kanta faffaɗa ne, gira ta ɗan rufo ido, fatar ƙafa rawaya, gashi ya sauko har kan yatsan tsakiya da na waje. Ruwa-biyu gashin nata tsilli-tsilli ne a gefen ƙafa.

Ɓangaren da ya fi rauni a duk harkar shi ne sayen ƙwai daga nesa, cinikin biri a sama ne sosai. Yawancin masu sayarwa ba a jihar suke ba. Kaya kan taso daga Ibadan ko Legas su bi ta Ilori, Jebba, Mokwa, Kwantagora, Yawuri, Koko har Jega, ko daga Kano da Kaduna ta Funtuwa, Gusau da Sakkwato. A gefen ƙwai mai faɗi akwai 'yar jakar iska wadda ɗan tsako ke fara numfashi da ita kafin ya fasa ɓawo. Ramukan hanya na girgiza ta har ta saki. Zafin but ɗin mota kuma na tayar da halittar ta fara girma a hanya, sannan ta mutu. Ga tsufa: ƙwan ƙyanƙyasa ya fi kyau kada ya wuce kwana 7, daga kwana 10 ya fara lalacewa da sauri. Yi lissafi da kanka. Brahma ƙwai 3 take yi a mako. Mai kaji 3 sai ya tara na sama da mako 3 kafin ya cika kiret ɗaya. Saboda haka tambayar farko ita ce kaji nawa gare shi, ta biyu ko yana rubuta kwanan wata da fensir a jikin kowane ƙwai.

In ƙwan ya iso, kada a wanke shi, kada a saka shi nan take. A jera shi tsinin a ƙasa, ya huta awa 24 a ɗaki mafi sanyi. Injin ƙyanƙyasa ya tsaya a digiri 37.5, danshi kashi 50 zuwa 55 cikin 100 har kwana 18, ana juyawa aƙalla sau 3 a rana, daga nan a daina juyawa a ɗaga danshin zuwa 65 ko 70 har kwana 21. A hunturu iska ta bushe ƙwarai, in ba a ƙara faranti na ruwa ba, fatar ciki na manne wa ɗan tsako ya mutu da baki a waje. Ga kuma ɗaukewar wuta. Shi ya sa kazar Hausa mai kwanci ta fi ƙaramin inji amana: a sa mata 6 zuwa 8 da dare a gurbinta. A kwana na 7 a haska kowane ƙwai da fitilar waya a ɗaki mai duhu. Mai rai za ka ga jijiyoyi kamar saƙar gizo-gizo, wanda ya fara ya mutu zoben jini ne, wanda zakara bai kama ba kuwa fayau yake. A yi yarjejeniya tun kafin biya cewa za a ɗauki bidiyon wannan haskawa kuma za a musanya fayau ɗin. Mai sayarwar da ya ƙi wannan sharaɗi ya riga ya faɗa maka abin da yake sayarwa. Ko da komai ya tafi daidai, in rabin ƙwan da ya sha wannan tafiya ya fashe, an yi sa'a.

Silki, 'yar audugar nan, ita mata da yara suka fi so, kuma da gaskiyarsu, don ba ta da hayaniya, kamar kyanwa take a hannu. Asalinta ƙasar Sin. Alamomin ta gaske ba sa ɓuya: yatsu 5 maimakon 4, fata da ƙashi baƙaƙe, kunne shuɗi, tukku a ka, nauyi kilo 1 zuwa 1.5. Laushin gashin nata ya samo asali ne daga rashin 'yan ƙugiyoyin da ke sarƙe gashin sauran kaji. Wannan rashi ne ya hana ta tashi, shi ne kuma ya sa ruwa ke ratsa ta har fata. Ruwan Agusta ɗaya in ya same ta a waje, sai a tsince ta a jiƙe sharkaf tana karkarwa, in ba a goge ta an kai ta kusa da ɗumi ba, sai mura ko mutuwa. Tun da ba ta hawa sama, a ƙasa take kwana, inda gafiya, tunku da muzuru ke sintiri. Ƙuma da ƙwarƙwata kuwa sun sami gida, domin a cikin wannan gashi ba a ganinsu sai kazar ta rame. A tanadar mata kwano na toka da yashi ta yi birgima, a riƙa buɗa gashin gindi da ƙarƙashin fiffike duk mako. A yi amfani da hodar ƙwari ta dabbobi. Fiya-fiya da maganin feshin gona na iya kashe kazar tare da ƙumar da aka so kashewa.

Babban tallan da ake yi mata shi ne kwanci, kuma gaskiya ne, Silki ko dutse aka sa mata za ta kwanta. Amma wa ya rasa mai kwanci a Kebbi? Kazar Hausa na rufe ƙwanta 10 zuwa 12, ta zauna kan na zabi kwana 26 zuwa 28, ta fito da su ta kare su daga shirwa. Silki 6 zuwa 8 take rufewa, kuma ba ta iya kare ko kanta. Ƙwanta ƙanana ne, wajen 100 zuwa 120 a shekara. Tana cikin kajin da cutar Marek ta fi kamawa, wadda ke shanye ƙafa ka ga ɗaya ta miƙe gaba ɗaya baya, kuma ba ta da magani sai rigakafin ranar farko, wanda manyan gidajen ƙyanƙyasa ke yi, mai inji a bayan ɗaki ba ya yi. In kuma ta tsufa aka yanka, a Sin miyarta abin nema ce, a nan kuwa a kai wa maigida baƙin nama a kwano a ga ko zai sa hannu.

Ayam Cemani ta tsibirin Jaba ce a Indunusiya. Ayam na nufin kaza, cemani baƙi ƙirin, kuma c ɗin kamar namu ake furta shi. Gashi, zanko, baki, fata, nama, ƙashi, duk baƙi. Jininta ja ne kamar na kowace kaza, ƙwanta kuma fari ne mai ɗan duhu, don haka duk hoton baƙin ƙwai da aka liƙa mata ƙarya ce. Abin mamaki, a cikin kajin ado ita ce ba ta da matsala da yanayinmu sosai: 'yar ƙasar zafi ce, jikinta a tsuke, zakara kilo 2 zuwa 2.5, zanko babba. Inuwa kawai take so, tun da baƙi na jan rana. Matsalarta kuɗi da algus. Ƙwai 60 zuwa 100 take yi a shekara, takan yi ta tsaya, ba ta cika kwanci ba, kuma ko iyayen na asali ne, ba duk 'ya'yan ke fitowa baƙi tsantsa ba. Waɗannan rarar su ake turo wa na nesa, tare da baƙar kazar gida da aka haɗa da Silki. A buɗe baki a duba harshe da ganda, a ɗaga fiffike a duba fata, a duba farce ɗaya bayan ɗaya. Zanko mai ja-ja, farin farce, yatsa na biyar ko gashi a ƙafa, duk alamar gauraye ne. Hoto ba shaida ba ne, ana ƙara masa duhu a waya. Tana da tsalle da tsoro, sai an rufe saman wurinta da raga. Sannan mu faɗi gaskiya, baƙin zakara irin wannan a cikin unguwa ba ya rasa jawo tsegumi, wani ya ce na tsibbu ne, wani kuma ya tsallako katanga da dare saboda ya ji kuɗinsa.

Folish, mai tukku kamar ta naɗa gwaggwaro, ba ta da nauyi, don haka ta fi Brahma jure zafi, kuma tana ƙwai fari ba laifi, ko da yake ba ta kwanci. Tukkun ne masifarta. Ba ta ganin sama, ba ta ganin gefe, shaho na ɗaukarta ba ta san ya iso ba. Sauran kaji na tsattsage tukkun har jini, kuma a ƙarƙashinsa ƙoƙon kan a kumbure yake, bai da ƙwari, sara ɗaya mai kyau na iya kashe ta. In ta sha ruwa a faffaɗan kwano gashin na jiƙewa ya kwaso datti ya shafa wa ido. Sai mazubi mai ƙaramin baki, sai rage gashin gaban ido da almakashi, wanda kuma shi ne kyan da aka saya. Kazar keji ce, ba ta tsakar gida ba.

Kocin ba ta buƙatar dogon bayani: duk matsalar Brahma, a ƙara gashi da kitse. A bar wa mutanen Jos da Mambila.

Serama ta Malesiya ita ce mafi ƙanƙanta, yawanci ba ta kai rabin kilo ba, tana tafiya ƙirji a gaba kamar ɗan dambe ya shigo fage. Zafi bai dame ta ba, sanyin daren Disamba da Janairu ne ke kayar da ita, sai an rufe kejin da buhu. Ɓera babba ma na iya kashe ta, kuma ƙwanta na da wuyar ƙyanƙyashewa. Duk da haka, a ganinmu ita ta fi sauran gaskiya, domin ba wanda zai sayar maka da ita da sunan nama ko ƙwai. Abincinta bai wuce cikin tafin hannu ba, keji ɗaya a baranda ya ishe ta. Mai kiwon tattabaru zai iya da ita.

Duk wadda aka zaɓa, rigakafi ba zaɓi ba ne. Cutar Niyukasil, mai sa koren kashi da murɗewar wuya, ta fi ɓarna a hunturu, kuma ba ta tambayar nawa aka sayi kaza. Jadawalin da aka fi bi: rigakafin Gumboro (cutar da ke raunana garkuwar jikin 'yan tsaki) wajen kwana 7 zuwa 10, Lasota (rigakafin Niyukasil) a kwana 14, a maimaita Gumboro a 21, Lasota a 28, allurar ƙuraje a fatar fiffike a mako 6 zuwa 8, kafin sauron damina ya yawaita tun da shi ke yaɗa ta, sannan Lasota duk bayan wata 2 zuwa 3. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato na yin waɗannan, har da I-2, wani rigakafin Niyukasil mai jure zafi da ake ɗigawa a ido. Inda ake kuskure: a ɗauko kwalba a aljihu maimakon cikin ƙanƙara, a haɗa da ruwan famfo mai sinadarin kulorin, ko a ba da tsakar rana. A janye ruwa awa 1 zuwa 2 da sassafe, a haɗa da ruwan rijiya mai tsabta, su shanye cikin awa 2, a binne ragowar. Kwalba ta kaji 100 ce ko 200, kuma ba a ajiye ta bayan an haɗa, don haka mai kaji 5 ya haɗa kai da maƙwabta a yi rana ɗaya, ya ma fi masa, tun da kajinsu ne za su kawo masa cutar.

Wanda zuciyarsa ta nace, to ya sayi matasa 'yan mako 8 zuwa 12, ba ƙwai ba, ba 'yan kwana ɗaya ba. Lokacin da ya fi shi ne Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, kuma suna da wata 4 su saba kafin zafi. Ya nemi waɗanda iyayensu suka riga suka ga bazara a Kebbi, Sakkwato ko Zamfara. A yi tafiyar da dare, a kwando ko kwali mai ramuka, ba a buhu ba, ba a but ba. In sun iso, ruwa da ɗan gulukos tukuna, abinci bayan awa 2. A hannu kuma a shafa ƙashin ƙirji, in ya fito kamar wuƙa kazar ta rame. A matsa hanci a ga ko majina za ta fito, a duba ido ko da kumfa, a duba gindi ko kashi ya manne. A keɓe su mako 2 zuwa 3 nesa da na gida, da dare a je a kasa kunne. Kaza mai minshari ko atishawa na ɗauke da murar nan da ke kumbura fuska, wadda magani ke kwantar da ita amma ba ya raba ta da ita, har ta ƙwai take bi ta kama 'ya'ya.

Su kuwa masu yabawa su wuce, abin da ke akurkinsu sananne ne. Noila, wadda kamfanin Amo ya samar a Awe ta jihar Oyo, don girma da ƙwai tare. FUNAAB Alpha ta jami'ar aikin gona ta Abekuta. Shika Brown ta cibiyar binciken dabbobi da ke Shika kusa da Zariya, ga mai son ƙwai. Kazar Fulani mai tsayi, da marar gashin wuyan nan da mutane ke raina wa kama, alhali ƙarancin gashin nata ne ke sa ta ci gaba da kiwo lokacin da sauran ke haki. Noila ma tana da nata: ba ta cika kwanci ba, tana ci fiye da ta gida, in ta yi ƙiba zafi na taɓa ta, kuma 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe daga ƙwanta a gida ba sa kai iyayen. Shi ya sa za ka ga sun bar kajin Hausa 3 ko 4 a gefe don kwanci, suna sayo sabbin 'yan tsaki duk shekara, suna sauya zakara kafin ya fara hawa 'ya'yansa.